Idan Sabar Sauti Ta Gida Ta Manta Inda Aka Tsaya

Sabar sauti ta gida kwamfuta ce da ake bari a kunne a wani lungu na gida, a zuba mata fayilolin sauti, ita kuma ta riƙa raba su ta Wi-Fi ga duk na'urar da ta nema: waya, kwamfutar cinya, talabijin ko lasifikar falo. Ba ta bukatar wani babban inji. Tsohuwar kwamfutar ofis ta isa, haka ma Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ta fara fitowa a Birtaniya a 2012. Manhajar da aka ɗora wa injin ita ke mayar da shi saba, kuma waɗanda suka fi yaɗuwa su ne Plex, Jellyfin, Navidrome, Audiobookshelf, Lyrion Music Server da MPD.

Mai sauraron waƙar minti huɗu bai damu ba ko an tuna masa inda ya tsaya. Wanda abin ya dama shi ne mai bin tafsirin watan azumi zama bayan zama, kowane zama ya haura awa guda, ko mai sauraron littafin da aka karanta da murya na tsawon awa goma sha biyar. Idan ya dawo washegari ya tarar karatu ya koma farko, sai ya shiga ja gaba ja baya yana laluben jimlar da ya ji ta ƙarshe. Abin da ya ƙara wa matsalar cin rai shi ne ba ta zuwa da sanarwa. Sauti na fita tangaram, fayiloli duk suna nan, babu saƙon kuskure ko ɗaya a fuskar waya, wurin ne kawai ya ɓata. Shi ya sa mutane da yawa ke goge manhajar su sake saukewa. Hakan kusan kullum ba ya magani, wani lokaci ma shi ke ƙarasa share ɗan bayanin da ya rage a wayar.

Inda wurin tsayawar yake zaune

A zamanin kaset wannan tambaya ba ta taso ba. Wurin tsayawa yana jikin zaren kaset ɗin, ko an cire shi an kai wata rediyo a wani gari, daga nan zai ci gaba. Fayil ɗin MP3 ba haka yake ba. Ko an saurare shi sau dubu, ko ɗigo ba ya canzawa a cikinsa. Wurin tsayawa lamba ce da ake rubutawa a wani waje dabam, kuma kafin ta zauna sai ta bi ta hannu uku.

Manhajar da ke kunna sautin ita kaɗai ta san inda kunnen mai sauraro ya kai. Sabar ba ta sani ba, domin waya kan janyo sautin mintuna da dama gaba ta ajiye, don kada ya riƙa yankewa. Saboda haka manhajar ce ke aika ɗan rahoto bayan kowane daƙiƙoƙi kaɗan, da kuma duk sa'ad da aka dakata ko aka rufe. Rahoton ya ratsa hanyar sadarwa ya isa ga sabar, ita kuma ta rubuta shi a rumbun bayananta. Abubuwa huɗu ne galibi a ciki: wane mai asusu, wane fayil, daƙiƙa ta nawa, da lokacin da aka yi rahoton. Ma'aunin ya bambanta. Jellyfin na raba daƙiƙa gida miliyan goma, tsarin Subsonic da Navidrome ke bi yana raba ta gida dubu, Audiobookshelf kuwa da daƙiƙa take lissafi. Idan aka dawo saurare, manhajar ta tambayi lambar, sannan ta nemi sabar ta fara aiko fayil daga daidai wannan wuri.

Ko'ina a wannan tafiya abu na iya tsinkewa, kuma kowace tsinkewa da irin alamar da take bari. Wannan shi ne ginshiƙin binciken gaba ɗaya: kafin a taɓa saiti ko ɗaya, a lura da yadda wurin ya ɓata. Karatun da kullum ke komawa farko dabam yake da wanda ke komawa inda aka tsaya shekaranjiya. Wanda ke sauka minti biyu gaba ko baya, shi ma cutarsa dabam. Haka wanda aka wayi gari an yi masa alamar an gama, ko gidan da tarihin sauraren kowa ya shafe a dare ɗaya.

Gwaji ɗaya mai sauƙi yana raba gardama. A buɗe shafin sabar a burauza a kan kwamfutar da ke cikin gida, ba ta manhajar waya ba, a kunna wani dogon fayil, a bar shi ya kai kamar minti goma sha biyu, a dakata, a rubuta lokacin a takarda, a rufe shafin. Sai a sake buɗewa. Idan burauza ta dawo daidai, sabar da rumbunta lafiya lau suke, laifin na waya ne ko na hanya. Idan ita ma ta manta, to a bar waya ta huta, a koma kan sabar.

Sabar da ba a ce ta tuna ba

Mafi yawan ƙorafin "kullum yana komawa farko" ba lalacewa ba ce. Manhajojin da aka gina don kiɗa sun ɗauka kowane fayil waƙa ce, waƙa kuwa daga farko ake so a ji ta. A Jellyfin, wadda ta ɓalle daga Emby a ƙarshen 2018, fayil ɗin da aka zuba a ɗakin kiɗa ba a ajiye masa wurin tsayawa sam. Sai an buɗe masa ɗaki irin na littattafai sannan sabar ke ɗaukarsa a matsayin littafin murya. A Plex akwai wani akwati a cikin saitin ɗakin kiɗa na ajiye ci gaban saurare, kuma sai an yi masa maki da hannu. Navidrome tana da wurin ajiye alama da jerin abin da ake kunnawa, amma aika su aikin manhajar waya ne, kuma ba kowace manhaja ke yi ba. Tsohon tsarin DLNA da talabijin da yawa ke amfani da shi bai san wani mai asusu ba balle ya riƙe masa wuri. A MPD kuwa, idan babu layin state_file a cikin fayil ɗin saitinta, duk kashewa da kunnawa sabuwar rayuwa ce.

Akwai kuma ƙa'idojin gefe da ke rikita mai gwaji. Jellyfin, a saitinta na asali, ba ta ajiye wuri a littafin murya sai an wuce minti 5 da farawa, kuma idan abin da ya rage bai kai minti 5 ba sai ta ce an gama. Mai gwadawa da minti biyu zai rantse cewa abu ya lalace, alhali ƙa'ida ce ke aiki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sakamakon haɗa ƙa'idojin biyu: babin da bai kai minti goma ba, babu wata daƙiƙa a cikinsa da za a iya ajiyewa. Ko dai bai kai a fara lissafi ba, ko kuma an riga an gama shi. Littafin da aka yanka gunduwa-gunduwa zuwa gajerun fayiloli zai yi ta mantuwa har sai an rage waɗannan lambobi. Ga bidiyo ƙa'idar da kaso take tafiya, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ba a ajiyewa, sama da kashi 90 an gama.

Mai yawan sauraron dogayen karatuttuka ya fi dacewa ya ware musu manhajar da aka yi dominsu, irin Audiobookshelf, ya bar kiɗa a tasa. Tilasta wa manhajar kiɗa ta zama ta littafi yana yiwuwa, amma wahalarsa ba ta ƙarewa.

Rahoton da bai isa ba

Idan burauza na tunawa amma waya na mantawa, abin da za a fara zargi shi ne tsarin tattalin batir. Tun daga Android 6 a 2015 waya ke taƙaita wa manhajoji shiga intanet idan an kashe fuska an ajiye ta, kuma kamfanoni da dama sun ƙara nasu matsin a kai. Wayoyin da suka cika kasuwannin Najeriya da Nijar, masu ƙaramin ma'aji, suna saurin kashe manhajar da ke bayan fage don samar wa wata wuri. Manhajar da aka kashe farat ɗaya ba ta samun damar aika rahoton ƙarshe, sai sabar ta tsaya a kan na baya. Alamar ita ce komawa baya kaɗan, ko komawa daidai lokacin da aka kashe fuskar waya. Maganin a cire manhajar daga jerin waɗanda ake matsa wa, a ba ta izinin aiki a bayan fage, a kuma daina share ta da yatsa daga jerin manhajoji kafin a danna dakatawa.

Hanya ma na tsinkewa ba a sani ba. Adireshin sabar a cikin gida, irin wanda ke farawa da 192.168, ba ya aiki da zarar an fita ƙofa waya ta koma kan data. Sautin zai ci gaba na ɗan lokaci daga abin da wayar ta riga ta janyo, ko daga fayil ɗin da aka sauke, amma rahoto ba ya zuwa ko'ina. Haka idan rauta, na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, ta mutu ta tashi ta ba sabar sabon adireshi, wanda ke yawan faruwa a gidan da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Ana hana wannan da ɗaure wa sabar adireshi ɗaya a cikin saitin rauta. Wanda ya sa wata manhaja irin Nginx a gaban sabar don a riƙa shigowa daga waje, ya tabbata tana barin hanyar WebSocket ta wuce, domin ta nan Audiobookshelf da Jellyfin ke sanar da na'urori sauye-sauye nan take.

Kundin rahoton sabar ne ke yanke hukunci a nan. A buɗe shi a kunna sauti a waya. Idan ba a ga buƙatun ci gaba na shigowa ba, ba su taso ba ko sun maƙale a hanya. Idan suna shigowa ana mayar musu da lamba 401, izinin shigar wayar ya ƙare, sai a fita a sake shiga. Idan 500 ake mayarwa, saƙo ya iso, sabar ce ta kasa rubutawa.

Rubutun da bai zauna ba

A nan ne gizo ke saƙa, kuma a nan ne ɗaukewar wuta ta fi yin ɓarna. Kwamfuta ba ta rubuta komai a faifai nan take. Linux, manhajar da ke tafiyar da injin, kan riƙe sabon rubutu a ƙwaƙwalwar wucin gadi har kusan daƙiƙa 30 kafin ta tura shi, sai dai idan manhajar ta nace. Wasu manhajojin ma da kansu suke jinkirtawa. MPD na rubuta halin da take ciki idan an rufe ta yadda ya kamata, ko kuma bayan daƙiƙa 120 da wani sauyi. Wanda ya dakatar da karatu ya zare filogi nan take, ko wuta ta ɗauke masa, ya yi asarar wurin tsayawarsa. Ana iya rage wannan tazara a layin state_file_interval.

Galibin sauran manhajojin suna ajiya ne a SQLite, ɗan rumbun bayanan da Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000, wanda dukansa fayil guda ne. Tun 2010 yana da wani salon aiki da ake fara zuba sabon rubutu a fayil na gefe mai ƙarewa da -wal, daga baya a kwashe shi zuwa uwar fayil. Salon yana da ƙarko. Idan wuta ta ɗauke, mafi yawanci rubutun ƙarshe-ƙarshe ne ke iya salwanta, rumbun kansa ya tsira. Amma yana da tarko biyu da ke kama masu gyara. Wanda ya ga fayil ɗin gefen ya ɗauka shara ce ya goge, ya goge sabbin wuraren tsayawa da ba a kwashe ba tukuna. Wanda kuma ya kwafi uwar fayil ita kaɗai alhali sabar na aiki, ya ajiye abin da bai cika ba, ranar da ya mayar da shi sai kowa a gidan ya koma baya. Ƙa'idar ita ce a tsayar da sabar kafin kwafi, a kuma kwashi fayilolin tare.

Masu SQLite sun faɗa ƙarara cewa wannan salon ba ya aiki a kan faifan da ake kaiwa gare shi ta hanyar sadarwa. Duk da haka mutane na ɗora jakar saiti, inda rumbun yake, a kan akwatin ajiya na gida, saboda can ne fili yake. Sakamakon shi ne kundin rahoto ya cika da kukan cewa rumbu a kulle yake, wasu rahotanni su shiga wasu su faɗi, mantuwar ta zama ta jefi-jefi mai wuyar kamawa. Fayilolin sauti na iya zama a ko'ina. Rumbun bayanai kuwa wajibi ne ya zauna a faifan da ke jikin injin.

Katin memori shi ne rauni mafi girma a Raspberry Pi. Ba a yi shi don rubutu ƙanana-ƙanana dare da rana ba, kuma yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya ɓata shi. Idan Linux ta ga kuskure a faifai takan mayar da shi na karatu kawai don kare abin da ya rage, wasu katunan ma da kansu suke kulle rubutu idan sun tsufa. Abin ruɗarwa shi ne sabar za ta ci gaba da aiko sauti lafiya, tun da wannan karatu ne, amma babu sabon abu da zai zauna. Alamarsa ba ta ɓuya: kowane littafi na komawa wurin da yake a wata rana guda, ranar da faifan ya daina karɓar rubutu. Faifan da ya cika maƙil ma haka yake yi, haka jakar da manhajar ba ta da izinin rubutu a cikinta. Gwajin kuwa a yi ƙoƙarin ƙirƙirar ɗan fayil a jakar saiti, a sake kunna injin, a duba ko yana nan.

A gidan da wuta ba ta da tabbas, kuɗin da aka kashe a ɗan batirin tsaye ko a jona sabar da inbata ya fi duk wani saiti amfani. Raspberry Pi ba ta cin wutar a-zo-a-gani, ƙaramin batir na riƙe ta har a tayar da janareta. Mayar da rumbun daga katin memori zuwa faifan SSD shi ne mataki na biyu.

Sai masu amfani da Docker, wanda ke kunna manhaja a cikin wani keɓaɓɓen akwati. Duk abin da aka rubuta a cikin akwatin yana nan muddin akwatin na nan, ko an kashe an kunna. Amma sabuntawa na nufin jefar da tsohon akwati a gina sabo. Idan ba a haɗa jakar saiti da wata jaka ta waje ba, wato /config a Jellyfin da Audiobookshelf, ko /data a Navidrome, rumbun na tafiya tare da tsohon akwatin. Wannan ita ce cutar gidan da aka sabunta manhaja da dare, da safe aka tarar sabar na neman a buɗe sabon asusu.

Na'ura biyu, agogo biyu

Wani lokaci an rubuta lambar daidai, wata na'ura ce ta zo ta rubuta tata a kai. Abin kamar littafin bashin mai kanti ne da yara biyu ke rubutu a shafi ɗaya, wanda ya zo ƙarshe shi ke da magana ko da lissafinsa tsoho ne. Shafin burauza da aka bari a buɗe a kwamfuta tun jiya, a dakace a minti na 20, yana iya aika wannan lambar lokacin da aka tashi kwamfutar ko aka rufe shafin, ya danne awa biyun da aka saurara a waya. Wayar da aka saurari fayil da ita ba intanet, idan ta dawo gida, dole a zaɓa tsakanin lambarta da ta sabar. Manhajoji masu hankali suna duba wanne rahoto ne ya fi sabunta, wannan kuwa ya dogara kacokan ga agogo.

Raspberry Pi kafin ta biyar, wadda ta fito a 2023, ba ta da agogon da ke tafiya idan an kashe ta. Idan ta tashi takan ɗauki lokacin ƙarshe da ta ajiye, sai ta samu intanet sannan ta gyara. Idan wuta ta dawo amma data ta ƙare a rauta, sabar na iya yini tana zaton jiya ne. Waya ma na da tata matsalar agogo. Ana adana lokacin rahoto ne da agogon duniya, ba na gari ba. Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, Gana kuwa daidai take da shi. Wayar da aka bar ta a yankin lokacin da ba nata ba, aka juya agogonta da hannu don ya dace da na bango, a ido daidai take, amma a lissafin inji ta kauce da awa guda ko fiye. Rahotonta zai riƙa cin nasara ko faɗuwa ba bisa gaskiya ba. A bar kowace na'ura ta saita lokaci da kanta.

Asusu ɗaya ga dukan gida kuskure ne da ake yawan yi don sauƙi. Maigida da uwargida na bin tafsiri ɗaya, kowa da inda ya kai, sabar kuwa wuri ɗaya take riƙe wa kowane asusu. Buɗe wa kowa nasa ba ya cin minti biyar. Akwai kuma ɓatan da ba na inji ba: barci ya kwashe mai sauraro karatu na ta tafiya har asuba, ko rediyon mota ta kama Bluetooth ta tayar da sauti ba a ji ba. A nan agogon barci na manhajar ne magani, kuma tarihin zaman saurare da Audiobookshelf ke ajiyewa yana nuna lokacin da kowane zama ya fara da inda ya ƙare.

Fayil ɗin da ya sauya suna

Lambar tsayawa a ɗaure take da shaidar fayil, shaidar kuma sau da yawa daga sunansa da jakarsa ake ƙirƙiro ta, ko daga bayanan da ke manne a jikinsa. A sauya wa jaka suna, a gyara sunan malami, a mayar da tarin zuwa sabon faifai, sai sabar ta ga tsohon fayil ya ɓace wani baƙo ya zo. Mafi muni shi ne faifan waje da bai gama hawa ba lokacin da sabar ta tashi ta fara bincike. Za ta ga jaka wayam, kuma idan an saita ta ta riƙa share abin da ya ɓace kai tsaye, sai ta share har da tarihinsa. A Plex ana kashe saitin zubar da shara bayan kowane bincike kafin a motsa fayiloli, saboda wannan dalili. A Lyrion, wadda ta samo asali daga na'urorin Slim Devices da Logitech ta saya a 2006, jerin saurare na bin na'urar kunnawa ne, ana kuma gane na'urar da lambar katin sadarwarta. Idan lambar ta sauya, kamar a koma Wi-Fi daga haɗin igiya, sabar na iya ɗaukarta sabuwar na'ura marar tarihi.

Lamba daidai, sauka ba daidai ba

Nau'i na ƙarshe ya fi kowanne ban sha'awa, domin babu abin da ya ɓata. Fuska na nuna minti 40 kamar yadda aka bari, amma abin da ke fita ba shi ne aka bari ba. Dalili shi ne fayil ba a jere yake da mintuna ba, da bayit yake jere, dole a mayar da lokaci zuwa wuri. A MP3 mai gudu ɗaya lissafin a fili yake. Kilobit 128 a daƙiƙa daidai yake da bayit 16,000, don haka minti 40 na farawa a wajen bayit 38,400,000.

Amma akwai MP3 mai sauya gudu, wanda ke kashe bayit kaɗan a wurin shiru da yawa a wurin hayaniya. Irin wannan yana bukatar ɗan jadawali a farkonsa, wanda aka fi sani da na Xing, mai faɗin tsawon fayil da inda kowane kaso yake. Idan jadawalin ya ɓata, kamar yadda kan faru idan an yanka fayil ko an haɗa guda da yawa da manhaja marar kyau, mai kunnawa sai ya yi kirdado daga gudun farkon fayil. A ce karatun awa ɗaya ne mai matsakaicin gudu 64, amma ya fara da shiru mai gudu 32. Manhaja za ta ce tsawonsa awa biyu ne, kuma idan aka nemi minti 40 za ta sauka a wajen minti 20. Tsawon da bai dace da gaskiya ba shi ne babbar shaida, kuma faifan wa'azi da ya daɗe yana yawo daga waya zuwa waya ana yanka ana matsewa ya fi kowanne faɗawa wannan hali.

Ko jadawalin na nan, yana da iyaka. Gurabe 100 ne kawai a cikinsa, kowane gurbi kuma lamba ce daga 0 zuwa 255. A waƙar minti huɗu wannan ya wadatar. A fayil na awa goma, tsakanin gurbi da gurbi minti shida ne, kowane mataki na lambar kuma ya haura minti biyu, saboda haka kaucewar minti ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ce. Manhajar FFmpeg na iya sake rubuta jadawalin ba tare da taɓa ingancin sauti ba. Ga dogon littafi kuwa, gara a raba shi babi-babi ko a mayar da shi M4B, wanda ke ɗauke da cikakken jadawali da alamun babi. A rubuta wurin tsayawa a takarda kafin gyaran, tun da sabon fayil na iya samun sabuwar shaida.

Ko fayil na da lafiya, sai sabar ta yarda ta aiko shi daga tsakiya. Manhaja na neman yanki ne, sabar ta amsa da lamba 206, ma'ana ga ɓangaren da aka nema. Idan wani abu a tsakani ya cire wannan buƙata, amsar za ta zo da 200 tare da fayil tun daga kansa, sai a ga alamar ta yi tsalle zuwa minti 40 ta dawo sifili. Haka idan sabar na sauya fasalin sauti nan take don rage cin data, domin abin da ake ƙerawa yanzu-yanzu ba shi da tsakiyar da za a nufa, sai manhajar da ta san yadda ake faɗa wa sabar daga daƙiƙar da za ta fara. Kashe wannan sauyi a cikin gida, inda data ba matsala ba ce, yana nuna ko shi ne sanadi. Haɗarin wannan nau'i shi ne da zarar sauti ya fara daga sifili, manhajar za ta aika sabon rahoto ta danne lambar gaskiya.

Idan bincike ya nuna rumbun ne ya lalace, tsarin aikin shi ne a tsayar da sabar, a kwafi jakar saiti dukanta zuwa wani faifai, sannan a gudanar da umarnin integrity_check na SQLite a kan kwafin. Idan ya amsa da cewa lafiya, matsalar na wani wuri. Idan ya jero kurakurai, a dawo da ajiyar baya. Plex na ajiye kwafin rumbunta duk bayan kwana uku a cikin ayyukanta na dare, Audiobookshelf ma na da jadawalin ajiya da ake kunnawa a saiti, kuma ya kamata a riƙa kai kwafin wani faifai dabam da wanda rumbun ke kai. Bayan dawo da shi, a fara buɗe shafin sabar a burauza a tabbatar da wuraren tsayawa, sannan a bar wayoyin gida su haɗu da ita ɗaya bayan ɗaya, ana duba lambar bayan kowace.